A Ƙarƙashin Ɗanyen Bene

Tun daga bakin layi Auta ta fara jin ƙarar ƙarfe, kwararam, kwararam, kamar ana jibga wani abu a bayan mota. Ba ta kawo komai a ranta ba, wurin gini ai ba ya rabuwa da ƙara. Sai da ta sha kwana ta hango motar ɗaukar kaya a ƙofar ginin nata, leburori suna wurga mata dogayen sandunan ƙarfe, sannan ta taka birki da ƙarfi har jakarta ta zame daga kan kujera.

Ta san sandunan. Su ne aka kakkafa a ƙasa, suna tallafe da katakon da aka zuba kankaren bene a kansa. Dekin ɗin, wato rufin kankaren, ko sati bai yi ba. Jiya da yamma ma ta tarar da mai gadi yana yi masa ban ruwa da tiyo.

Sana'ar Auta ta asali kantin magani ce, amma a shekarun nan ta fi ba da ƙarfi wajen gidaje. Takan sayi tsohon gida da ya gaji, ta gyara rufi da banɗaki, ta shafe shi da fenti, ta zuba 'yan haya. Wannan ne karo na farko da ta tayar da gini tun daga tushe, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama, kuma duk abin da ta mallaka yana cikinsa. Yayanta ta ba kwangilar. Babu ma wanda ya yi tunanin za ta ba wani. Shi ne babba a ɗakinsu, shi ya riƙe gidan bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya riƙa goya ta a babur zuwa makaranta, kuma gini shi ne abin da ya tashi a ciki. Abu ɗaya kawai ta yi da bai so ba: ta ɗauki injiniya nata na kanta, mai zuwa duba aiki lokaci zuwa lokaci. Ita kuwa da yamma take leƙowa, bayan ta rufe kanti. Yau ma mai tayil ne ya dame ta da waya a kan ta auno masa matakala, shi ya sa ta biyo da hantsi.

Foman yana tsaye a inuwar tankin ruwa, fensir maƙale a kunne. Da ya gan ta sai ya taho da sauri yana murmushin da bai kai zuci ba.

"Hajiya, barka da hantsi. Yau da wuri haka?"

"Foman, me nake gani? Ina za a kai sandunan nan?"

"Can ɗaya aikin Maigida, yayanki. Gobe za a zuba nasu dekin, masu ba da hayar sanduna kuma sun ce ko guda babu a ƙasa. Shi ne ya ce mu ɗan rage na nan."

"Ku ɗan rage? Ba a gabanka Injiniya ya ce kada a taɓa su sai an yi sati uku ba?"

"Haka ya ce."

"To?"

Foman ya sosa ƙeya, ya kalli takalminsa. "Hajiya, ni ɗan aike ne. Maigida ya ce simintin nan mai saurin kamawa ne."

Ta wuce shi ta leƙa ciki. Shagunan gaba suna nan cike da sanduna, sai mutum ya karkace kafin ya wuce. Shagon baya kuwa an kwashe shi tas, har katakon an ɓamɓare, ga kankare nan a tsirara, duhu-duhu da danshi. Kafinta da mutanensa sun shigo shagon tsakiya, suna dukan wuyan sanda da guduma ta saki, su ja ta waje. Ta ja da baya ta ɗaga kai, a nan gabanta ya faɗi sosai. A sama, daidai kan shagon da aka kwashe, leburori suna ta hawa da bulo suna tarawa a tsakiya, tulin har ya kai ƙirjin mutum.

Ta kira yayanta. Waya ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira, sai ga muryarsa cikin hayaniyar kasuwar ƙarfe.

"Auta, lafiya? Ina tsakiyar ciniki."

"Yaya, ina wurin gini. Suna cire sanduna."

"Ni na sa su."

"Yaya, kankaren bai bushe ba. Kuma ga bulo ana jibgawa a kai."

Ya yi dariya, irin wadda yake yi mata tun tana ƙarama idan ta ga ƙadangare ta ruga. "Ke da kike sayar da maganin ciwon kai, yau ke ce za ki koya mini kankare? Tun kina yawo ba takalmi nake zuba dekin. Koma kantinki, kada masu saye su tafi."

"Don Allah ka ce su tsaya har Injiniya ya zo."

"Wannan yaron mai farar hula? Ki bar ni da shi. Sai anjima." Ya kashe.

Ta tsaya da wayar a hannu. Foman ya ji komai, ya kawar da kai kamar mai duba tanki. Ta kira Injiniya, ta faɗa masa abin da ta gani. Nan take muryarsa ta canza.

"Hajiya, ki saurare ni. Kada a ƙara cire ko guda ɗaya. A daina hawa da bulo. Ina can ƙarshen gari, amma ga ni nan tafe. Ki tsayar da su ko ta wane hali."

Ko ta wane hali. Faɗa ce mai sauƙi. Ta shiga tsakiyar fili ta ɗaga murya: "Kowa ya tsaya! A ajiye aiki!"

Suka tsaya, amma ba ita suke kallo ba, Foman suke kallo. Wani lebura da bulo a ka ya daskare a rabin matakala, yana jiran ya ji sama zai yi ko ƙasa.

"Hajiya, ki yi haƙuri," in ji Foman a hankali. "Ginin naki ne, babu musu. Amma mu Maigida ne ya ɗauke mu. In motar nan ba ta isa can kafin azahar ba, ni ne zan kwana ba aiki." Ya juya ya tafa hannu. "Ku ci gaba!"

Guduma ta sake sauka a kan ƙarfe.

Auta ta dubi hagu ta dubi dama. A bakin ɗakin mai gadi akwai farar kujerar roba wadda aka ɗaure ƙafarta ɗaya da waya. Ta sunkuce ta, ta tattare zanenta, ta kutsa cikin shagon tsakiya tana ture igiyoyi da guntayen katako. Ta dasa kujerar a jikin sandar da Kafinta yake duka, ta zauna, ta rungume sandar da hannu ɗaya.

Kafinta dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya rabuwa da barkwanci. Ya tsaya da guduma a sama.

"Hajiya, in inuwa kike nema, akwai ta a gindin tanki. Nan ba wurin shan iska ba ne."

"Baba Kafinta, ci gaba da aikinka. Sai dai duk wadda za ka cire, a kaina za ka cire ta."

"Haba Hajiya."

"Na rantse ba zan tashi ba."

Ya sauke gudumar. Foman ya shigo yana roƙo, yana haɗa ta da girman mahaifiyarta, ta yi kamar ba da ita yake ba. Babu mai iya taɓa ta, babu kuma mai iya dukan ƙarfe a gefen kunnenta. Ɗaya bayan ɗaya ma'aikatan suka taru a bakin ƙofa suna leƙe, wani yana danne dariya. Foman ya fita yana kiran Maigida a waya. Na sama ma suka daina kai-kawo, suka leƙo ta gefen bene don kada a ba su labari.

Da hayaniya ta lafa, wurin ya yi tsit, sai Auta ta ji wani abu. Ƙara ce 'yar ƙarama, ƙas, kamar an karya tsinken ashana. Ta ɗauka kujerar ce. Can kuma ta sake ji, daga shagon baya. Ta juya ta kalli ta ƙofar da ta haɗa shagunan biyu. A ƙasan shagon da aka kwashe, inda ɗazu yake a bushe, ruwa yana ɗiga, ɗis, ɗis, a jere kamar an ja layi.

"Baba Kafinta," ta ce da ƙaramar murya, "daga ina ruwan can yake zuwa?"

Ya taka zuwa bakin ƙofar ya ɗaga kai. Ta ga gemunsa ya daina motsi. Tsaga ce siririya kamar zare, ta taso daga tsakiyar dekin ta nufi bango, ruwan da aka yi wa kankaren jiya yana bin ta yana sauka. Suna cikin kallo, garin siminti ya zubo daga cikinta.

"Innalillahi! Ku fita! Kowa ya fita! Na sama ku sauko a hankali, kada wanda ya yi gudu!"

Babu wanda ya ji ƙarshen maganar. Na sama suka rufto ta matakala suna ture juna, wani ya diro kan tulin yashi. Auta tana nan inda take. Sai da Kafinta ya fizgi hannunta suka fito tare, mayafinta yana jan ƙasa.

A waje kowa ya ja nesa, har bakin titi. Ginin yana tsaye lafiya lau a ido, rana tana dukansa. Auta ta tuna da lungun da ke bayan shagon baya, wanda mutanen unguwa ke ratsawa zuwa kasuwa, ga shi an kusa tashin makaranta. Ta tura mai gadi da baro da guntun katako ya tare bakin lungun ta kowane ɓangare. Sannan ta sake kiran Injiniya.

"Tsagar ta kai bango?" ya tambaya.

"Saura kaɗan."

"Cunkoso ya riƙe ni, ba zan iso da wuri ba, kuma nauyin bulon nan ba zai jira ni ba. Dole a mayar da sanduna. A fara daga bakin ƙofa, inda akwai tallafi, ana matsawa ciki. A sa katako a ƙasa da sama. A murɗa har ta kama kawai, kada a yi ƙoƙarin ɗaga dekin. Sai an tokare sannan a taɓa bulo. Amma Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, akwai haɗari. Kada ki tilasta wa kowa."

Ta juya ga ma'aikatan ta faɗa musu. Ɗazu ta rasa yadda za ta fitar da su daga ciki, yanzu kuma babu mai ko kallon ƙofar.

"Hajiya, ina da 'ya'ya," in ji wani.

"Wanda ya ce a cire, shi ya zo ya mayar," in ji wani daga baya, ba ta ga fuskarsa ba.

Ba ta ga laifinsu ba. Tana tsaye tana neman abin faɗa, sai ga motar yayanta ta shigo layin a guje, ta tsaya da ƙura. Ya fito ko ƙofa bai rufe ba, farar shadda a jikinsa, fuska a murtuke.

"Auta! Ni za ki wulaƙanta a gaban yarana? Ki zo ki zauna mini a wurin aiki kamar mai zaman makoki? Wa ya ba ki wannan tarbiyyar?" Ya juya kan Foman. "Kai kuma mace ɗaya ta tsayar maka da ma'aikata, kana tsaye kamar turke! Me kuke yi a bakin titi?"

Auta ba ta taɓa mayar masa da magana ba tun da take, yau ma ba ta mayar ba. Ta kama hannun rigarsa kawai.

"Yaya, zo ka gani."

Ya fizge, amma ya bi ta. Suka ratsa shagon tsakiya, suka tsaya a bakin ƙofar shagon baya. Ya ɗaga kai da niyyar ya ce ba komai ba ne, har ya buɗe baki. Tsagar ta ƙara faɗi, yanzu tsinke zai shiga, kuma wata ta fito ta gicciye ta. Tsakiyar dekin ya ɗan yi ciki ƙasa, kaɗan ne, amma idon da ya saba ba zai rasa gani ba. Ɗigon ruwa ya faɗo masa a goshi, bai share ba.

"Wa ya ce a tara bulo a nan?" ya tambaya.

Foman, wanda ya biyo su daga nesa, ya ce, "Kai ka ce a hau da su yau, Maigida, don magina su fara gobe."

"Na ce a tara su a tsakiya?"

"Ba ka ce ba. Ba ka kuma ce a gefe ba."

Yaya ya sake duban tsagar. Sai ya cire hula da agogo ya miƙa wa Auta, ya tuɓe rigar shaddar ya jefa a kan kujerar roba, ya rage daga shi sai singileti. Ya fita zuwa motar kaya, ya jawo sanda ɗaya ya saɓa a kafaɗa, ya dawo ya wuce ta gaban ma'aikatan bai kalli kowa ba.

"Fita waje," ya ce mata.

"Injiniya ya ce a sa katako a ƙasa da sama. Wa zai riƙe maka?"

"Na ce ki fita."

Ta ajiye hula da agogon, ta ɗauki guntun katako ta shimfiɗa a bakin ƙofa. Ya harare ta, amma babu lokacin faɗa. Ya dasa sandar, ya miƙa hannu zai ɗora katakon sama, sandar ta karkace. Aikin ba na mutum ɗaya ba ne, ita kuma tsawonta bai kai ba. Ta koma bakin ƙofar waje.

"Baba Kafinta, na roƙe ka. Ba dole. Amma babu wanda ya iya abin nan kamarka."

Dattijon ya dube ta, ya dubi ginin, ya tofar da tsinken da ke bakinsa. "Ni dai da ma matata ta ce in na mutu a wurin aiki ba za ta yi kuka ba. Bari in gwada ta." Ya ɗauki gudumarsa. Foman ya bi bayansa, kai a ƙasa. Daga baya wasu leburori biyu suka yarda su riƙa miƙo sanduna daga ƙofa, ba tare da sun shiga ba.

Haka suka fara. Sanda ta farko a bakin ƙofa, ta biyu taku ɗaya gaba. Yaya yana riƙewa, Kafinta yana ɗora katako, Foman yana murɗa wuyan sandar har ta kama. Auta tana jawo katakai tana shimfiɗawa, wayar a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, tana maimaita musu abin da Injiniya ke faɗa. Babu mai magana sai dole. Duk lokacin da dekin ya yi ƙas, sai su daskare su huɗun, ido a sama, har sai garin siminti ya gama zubowa, sannan su ci gaba. Gumi ya jiƙe singiletin Yaya, tsatsar ƙarfe ta ɓata masa kafaɗa.

Sun kusa tsakiya, daidai ƙarƙashin tulin bulon, abin ya faru. Kafinta yana kan benci, ya tura katako tsakanin kan sanda da kankare, Foman bai gama murɗawa ba, sai dekin ya sauko. Bai fi kaurin yatsa ya sauko ba, amma da ƙara kamar an harba bindiga. Ɓaraguzai suka zubo. Kafinta ya ƙwalla ƙara: hannunsa na hagu ya maƙale tsakanin katako da kankare.

"Sassauta!" Yaya ya daka wa Foman tsawa.

"In na sassauta zai sauko mana gaba ɗaya!"

"Wata sandar! Ku miƙo wata!"

Leburorin da ke ƙofa sun gudu. Auta ce ta ruga ta jawo sandar, ba ta san inda ta samu ƙarfin ba, tana jan ta a ƙasa tana tuntuɓe. Yaya ya dasa ta dab da ta farko, ya murɗa da hannu biyu har jijiyoyin wuyansa suka fito. Kafinta ya daina ihu, sai salati yake yi ƙasa-ƙasa, kansa jingine da hannun da ya maƙale. Da sabuwar sandar ta ɗauki nauyin, Foman ya sassauta tsohuwar, katakon ya saki, dattijon ya sulalo, Yaya ya tare shi a ƙirji.

Yatsu biyu sun murƙushe. Auta ta yage gefen mayafinta ta ɗaure hannun, ta ɗaga shi sama, suka fito da shi. Direban motar kaya, wadda an riga an sauke sandunanta, ya kwantar da kujera, aka sa shi, aka nufi asibiti. Kafin motar ta tashi ya buɗe ido ya dube ta.

"Hajiya, a tsakiyar nan a sa biyu-biyu. Kada a yi rowa."

Ta gyaɗa kai.

Yaya bai tsaya hutawa ba. Ya koma ciki shi da Foman, kuma a wannan karon ma'aikata uku suka bi su ba tare da an roƙe su ba. Lokacin da Injiniya ya iso, shagon baya ya cika da sanduna, an jera mutane a gefen bene suna miƙo bulo hannu da hannu zuwa ƙasa. Ya zaga da tocila, ya hau sama, ya sauko, ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce musu ginin ba zai faɗi ba, amma dekin shagon baya ya tashi aiki, sai an fasa shi an sake zubawa. Ya faɗa ne yana kallon Auta. Yaya yana zaune a kan bulo, hannuwansa a kan gwiwa.

Da la'asar, bayan ta dawo daga asibiti, ta wuce gidan mahaifiyarsu. Labari ya riga ta isa. Inna tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, Yaya yana gefe a kan kujera, ya yi wanka ya sake kaya. Auta ta durƙusa ta gaishe ta, ta gaishe shi, ya amsa a ciki.

"Ya mai jikin?" in ji Inna.

"Sun ce ɗaya yatsan zai warke. Ɗayan sai an cire."

Inna ta yi salati, ta jinjina kai. "To, Allah ya tsare gaba. Abin da ya faru ya faru. Yayanki ya faɗa mini komai, bai ɓoye laifinsa ba, ya ce shi zai sake zuba dekin. Sai ku haɗa kai ku ƙarasa aikinku, kada in ji wata magana ta fita waje."

Auta ta kalli tabarma. Tun a hanya take juya maganar a bakinta, duk yadda ta juya ta kuma ɗaci gare ta.

"Inna, ki gafarce ni. Yaya ba zai ci gaba da aikin nan ba."

Inna ta ɗago kai.

"Me kika ce?"

"Yau na tsaya a cikin ginina na ce a tsaya, babu wanda ya tsaya. Na kira shi, ya ce in koma kanti. Mutane ne za su kwana a saman nan, Inna, da 'ya'yansu. In wani ɗan kwangila ne ya yi mini haka, zan iya tsayar da shi, in yi masa faɗa, in kore shi. Yaya kuwa ba zan iya ɗaga masa murya ba, kuma ba na son ranar da zan iya."

"Shi da ya shiga ƙarƙashin abin nan saboda ke?"

"Na gani da idona. Har in mutu ba zan manta ba. Amma Baba Kafinta ma ya shiga, ni na roƙe shi, ga shi can a kwance."

Yaya ya miƙe a hankali, ya gyara hularsa. Ba ta ga fushi a fuskarsa ba, abin da ta gani ya fi fushi ciwo.

"Bar ta, Inna. Gininta ne." Ya dubi Auta. "Gobe zan aiko a kwashe kayana. Sandunan su zauna har lokacin da yaronki injiniya ya ce." Ya sa takalmi ya fita. Inna ta juya mata baya, ranar ko sallamarta ba ta amsa ba.

Auta ba ta ɗauki wani ɗan kwangila ba. Ta bar aikin a hannun Injiniya, ta riƙe Foman bisa sharaɗin cewa daga yau maganarta ita ce magana. Ta sa yarinyar kantinta ta riƙa buɗewa da safe, ita kuma kullum kafin ma'aikata su iso tana wurin, da takalmin roba da tsohon mayafi. Ta koyi ƙirga rodi kafin a rufe shi, ta koyi gane yashi mai ƙasa a tafin hannu, ta koyi cewa a'a ba tare da ta ba da haƙuri ba. Aka fasa dekin shagon baya aka sake zubawa. Kafinta ya dawo da yatsu tara, ta ba shi duk aikin ƙofofi da tagogi, yana zaune yana nuna wa mutanensa, yana cewa yanzu ko ya so ya yi wa mutum daƙuwa ba ta cika.

Inna ta sauko daga fushinta bayan 'yan makonni. Yaya kuwa ya daɗe. In sun haɗu a gidan Inna sai gaisuwa, ya tambayi yara, ya tashi. Bai sake bin layin ginin ba.

Wata safiya, ana cikin fenti, Auta tana sama tana jayayya da mai fenti a kan launin da ya shafa wa baranda, wayarta ta yi ƙara. Ta ga sunan, ta sauko matakala biyu ta tsaya inda ba kowa.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya. Auta, injiniyan nan naki, yana karɓar aikin waje?"

"Ina jin yana karɓa."

"Na samu wani bene mai hawa biyu. Turo mini lambarsa."

"To, Yaya."

Ta ji yana numfashi kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce ta gaida yara, ya kashe. Ta tura masa lambar nan take. Ta ɗan jima a tsaye a kan matakalar, sannan ta koma sama, inda mai fenti ya riga ya ci rabin bango da launin da ta ce ba ta so.